Gishiri, Kanwa da Sukari: Wane Sinadari Lantarki Ke Iya Rabawa?

Elektirolisis shi ne raba haɗaɗɗen sinadari zuwa sassan da suka haɗu suka yi shi, ta hanyar ratsa shi da wutar lantarki. Ana tsoma sanduna biyu a cikin ruwan sinadarin, a haɗa ɗaya da bakin batir mai alamar tarawa, ɗayar kuma da bakin mai alamar ɗebewa. Sandar ɓangaren tarawa ita ce anod, ta ɓangaren ɗebewa ita ce katod. Idan sinadarin yana cikin masu amsa wannan aiki, ba a jimawa za a ga kumfa na tasowa a jikin sandunan, ko wani ƙarfe ya fara kwanciya a kan ɗaya daga cikinsu. Idan kuwa ba ya cikinsu, ko kwana aka yi ana jira, ba abin da zai motsa.

Sharuɗɗa biyu ne ke raba masu amsawa da marasa amsawa. Na farko, sinadarin ya kasance yana da ƙwayoyi masu ɗauke da caji, waɗanda masana ke kira ayon. Na biyu, ayon ɗin su samu sakewar tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ba sa samun ta sai an narka sinadarin a wuta ya zama ruwa-ruwa, ko an zuba shi a ruwa ya narke. Da zarar ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya faɗi, aiki ya tsaya. Sinadarin da ya cika su duka biyun shi ake kira elektirolait.

Asalin ayon kuwa yana cikin yadda ƙwayoyin zarra ke ƙulla zumunci da junansu. Kowace ƙwayar zarra tana da elektiron da ke kewaye da cibiyarta, kuma cajin ɗebewa ne da su. Ƙarafa irin su sodiyam da fotasiyam da kalsiyam suna da saurin sakin elektiron ɗaya ko biyu, sai su koma masu cajin tarawa. Kulorin da oksijin kuwa karɓa suke yi, su koma masu cajin ɗebewa. Gishirin miya haka ya samu: sodiyam ya miƙa wa kulorin elektiron guda, kowannensu ya zama ayon, bambancin cajin ya sa suka riƙe juna gam, suka jeru sahu-sahu a cikin ƙwayar gishiri. Amma akwai wata hanyar ƙulli. A sukari da man gyaɗa da fetur, ba wanda ya ba wani komai. Tarayya ake yi a kan elektiron ɗin, sai a samu dunƙulen da ake kira molekul, wanda ba shi da caji ko kaɗan. Lantarki a cikin ruwa tamkar kaya ne a tasha, ayon su ne 'yan dako. Ruwan sukari tasha ce cike da jama'a amma ba ɗan dako ko ɗaya, busasshen gishiri kuwa 'yan dakon suna nan, sai dai an kulle su a ɗaki.

Malamin kimiyya a garin Bibemi na Kamaru ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya nuna wa ɗalibai wannan. Batirin babur mai bolt 12 ya isa, sai ƙaramin ƙwan fitila, da 'yan wayoyi, da tambulan, da sandunan gawayi biyu irin waɗanda ake zarowa daga tsakiyar tsohon batirin tocila. Ruwan da za a yi aiki da shi ya zama na sama da aka tara a mazubi mai tsabta, ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota. A fara cika tambulan da busasshen gishiri a soka sandunan. Ƙwan ba zai kama ba. A tsiyaya ruwa a kai a motsa. Nan take ƙwan zai yi haske, ƙananan kumfa su lulluɓe sandunan biyu, kuma bayan 'yan mintoci wanda ya matso kusa zai ji wari irin na ruwan jabel. A wanke tambulan a jiƙa sukari, cokali biyu, cokali biyar, har ruwan ya yi kauri. Ƙwan yana nan a mace. A jiƙa kanwa, ya kama. A tace ruwan toka, ya kama. A matse lemun tsami, ya kama amma dishi-dishi. A zuba man gyaɗa ko kalanzir, shiru. Wannan gwaji a waje ake yin sa ko kusa da taga, domin iskar da ke fita daga ruwan gishiri kulorin ce, kuma tana cutar da huhu. Wutar soket kuwa ba ta shiga wannan aiki ko da wasa.

Abin da gwajin ya fara nunawa shi ne busasshen gishiri, duk da yana cike da ayon, ba ya rabuwa. Ruwa ne ya kwance su. Zafi ma yana kwance su, amma sai ya kai digiri 801 a ma'aunin Selsiyas kafin gishiri ya narke. A wannan hali, in aka ratsa shi da lantarki, ƙarfen sodiyam yana taruwa a katod, iskar kulorin tana fita a anod. A masana'antu ana gauraya shi da gishirin kalsiyam kulorayid don ya narke a wajen digiri 600, a rage asarar makamashi. Sukari kuwa in aka ɗora shi a wuta, narkewa zai yi ya yi ja kamar yadda masu alewa suka sani, daga nan ya ƙone ya zama baƙi, ba tare da ya taɓa samar da ayon ba.

Ta wannan hanya ta narkawa ce duniya ta fara ganin wasu ƙarafa da ido. A shekarar 1800 Alessandro Volta na ƙasar Italiya ya ƙera batir na farko. A 1807, a birnin Landan, Humphry Davy ya ratsa sinadarin fotash da lantarki mai ƙarfi, sai ga wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli suna ɓullowa, wasunsu suna kamawa da wuta. Fotasiyam ke nan. Kwanaki kaɗan bayan haka ya fitar da sodiyam daga soda, a 1808 kuma ya samu kalsiyam da magniziyam. Kafin lokacin, babu wutar maƙera ko ta tanderu da ta taɓa iya ɓamɓare waɗannan ƙarafa daga abokan haɗinsu. Almajirinsa Michael Faraday ne ya tsara dokokin aikin a farkon shekarun 1830. Bayanin cewa gishiri yana wargajewa zuwa ayon da zarar ya shiga ruwa, tun kafin lantarki ya zo, ya fito ne daga Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin a 1884. Malaman da suka duba kundin nasa a jami'ar Uppsala ba su ba shi maki mai kyau ba. A 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan bayani.

Littattafan makaranta suna kasa elektirolait gida uku: gishiri-gishiri, da sinadarai masu tsami da ake kira asid, da masu kaifi irin na soda da ake kira alkali. Gidan gishiri shi ne mafi faɗi, domin a wurin masana, gishiri ba na miya kaɗai ba ne. Alif da ake jefawa a ruwa don ya kwantar da laka gishiri ne. Kanwar da fatake ke kawowa daga yankin Tafkin Chadi, wadda makiyaya ke saya wa shanu a kasuwar Adumri, mata kuma ke jefawa a miyar kuka da wake, ita ma gishiri ce, mafi yawanta sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet. Ruwan toka yana ɗauke da fotasiyam kabonet. Waɗannan biyun gishiri ne a tsari, amma in sun shiga ruwa halin alkali suke nunawa, shi ya sa suke kashe tsamin yakuwa. Alkali na ainihi kuwa shi ne sodar da ake yin sabulu da ita, wato sodiyam haiduroksayid, wadda ke wargajewa gaba ɗaya a ruwa.

Gidan asid yana da wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, domin ya karya zaton cewa sai sinadarin da aka haifa da ayon ne ke rabuwa. Haidurojin kulorayid iska ce, kuma molekul ce ta tarayya, ba ta da caji. Amma da ta shiga ruwa, ruwan yana fizge haidurojin ɗinta, sai ayon biyu su bayyana inda da babu. Wannan ne asid ɗin da ke cikin tumbin ɗan Adam. Asid ɗin batirin mota, wato salfurik, haka yake yi. Waɗannan su ne masu ƙarfi. Akwai kuma raunana, waɗanda kaɗan ne daga cikin molekul ɗinsu ke wargajewa: tsamin lemu, da na tsamiya, da na nono. A ruwan binigar, ƙasa da ɗaya cikin ɗari na molekul ɗin asid ne ke zama ayon. Dalilin da ya sa ƙwan ya yi dishi-dishi a ruwan lemun tsami ke nan. Yana rabuwa, amma a hankali.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar narkewa a ruwa a matsayin shaida. Ba shaida ba ce. Manomin auduga a yankin kamfanin Sodecoton ya san takin zamani iri biyu, NPK da yuriya. Yuriya ta ma fi saurin narkewa, tana ɓacewa a ruwa tas. Amma tsantsar yuriya molekul ce, haka take shiga ruwa, haka take zama, ba ta ɗaukar lantarki. NPK kuwa cike yake da gishirin fotasiyam da na amoniyam, ruwansa yana kunna ƙwan. Haka abin yake a ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa mai gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Sukarin ya ninka gishirin sau goma sha biyu a awon cokali, amma in aka soka sanduna a ciki, ɗan gishirin nan ne kaɗai ke ɗaukar wutar. Barasa ma tana gauraya da ruwa sarai, kuma ba elektirolait ba ce.

Akwai kuma masu ayon da suka maƙale a sharaɗi na biyu. Dutsen farar ƙasa da ake fasawa a Figil don yin siminti kalsiyam kabonet ne, kuma ayon ne suka gina shi. Sai dai da ƙyar yake narkewa a ruwa, in kuma aka gasa shi, kafin ya narke ya riga ya farfashe a wajen digiri 900, ya saki iskar kabon dayoksayid ya bar farar ƙasa. Hanya biyun duk sun toshe. Mai son ƙarfen kalsiyam sai ya fara mayar da dutsen kalsiyam kulorayid, wanda yake narkewa lafiya. Yashin bakin Binuwai kuwa ya faɗi tun a sharaɗi na farko, domin silikon da oksijin ɗin da ke cikinsa tarayya suka yi, saƙa ce guda mai faɗi ba ayon a ciki.

Ƙarafa ma ba sa cikin lissafi, ko da yake sun fi kowa ɗaukar lantarki. Wayar jan ƙarfe za ta shekara ashirin wuta na bi ta cikinta, ta ci gaba da zama jan ƙarfe, saboda elektiron ne ke gudana a cikinta, ba ayon ba, kuma ita ba haɗaɗɗen sinadari ba ce balle a raba ta. Zaiba ruwa ce, tana ɗaukar lantarki, amma ita ma sinadarin asali ce guda ɗaya, ba abin rabawa.

Ruwa shi ne mafi wuyar sha'ani a wannan babi. Molekul ne na tarayya, amma yana ɗan wargajewa da kansa, kimanin molekul ɗaya a cikin miliyan 550. Wannan ya yi kaɗan ƙwarai, shi ya sa tataccen ruwa ba ya kunna ƙwan. Da an jefa 'yar kanwa ko ɗigon asid, ayon ɗinsu sai su ɗauki dakon wutar, ruwan kuma shi ke rabuwa: haidurojin a katod, oksijin a anod, awo biyu na haidurojin ga kowane awo ɗaya na oksijin. William Nicholson da Anthony Carlisle ne suka fara ganin haka a Landan a 1800, makonni kaɗan bayan labarin batirin Volta ya iso gare su. A lissafi bolt 1.23 ne mafi ƙarancin ƙarfin da ake buƙata, a aikace kuwa sai an ɗara haka. Ruwan rijiya da na kogi ba tatattu ba ne, sun jiƙo gishirin ƙasa iri-iri. Jini da gumi ma ruwan gishiri ne. Shi ya sa jiƙaƙƙen hannu a kan soket, ko wayar da ta faɗo cikin kududdufi da damina, ke kisa.

Daga nan wata ƙofa ta buɗe. Tunda ruwa, wanda kusan ba shi da ayon, yana rabuwa idan wani ya ɗauki dakon wutar, to wasu molekul ma za su iya canzawa a jikin sanda in an tanadar musu elektirolait a gefe. Hermann Kolbe na Jamus ya nuna irin wannan da gishirin asid ɗin binigar a ƙarshen shekarun 1840, kuma tun shekarun 1960 ake haɗa ɗaya daga cikin sinadaran yin nailan ta wannan hanya. Wannan bai rushe ƙa'idar ba. Ba tare da ayon masu tafiya a cikin mazubin ba, komai ba ya faruwa.

Sanin cewa sinadari zai rabu rabin magana ne. Sauran rabin shi ne me zai fito, kuma a nan ruwa yana shiga takara. A katod, ayon ɗin ƙarfe da ruwa suna gasar karɓar elektiron. Ƙarafa masu zafin hali, wato fotasiyam, sodiyam, kalsiyam, magniziyam da alminiyam, kullum ruwa ke kayar da su, sai haidurojin ta fita, su kuma su ci gaba da zama a narke. Masu sanyin hali irin su jan ƙarfe da azurfa da zinariya su ke yin nasara, su kwanta a jikin sandar. Wanda ya jiƙa shuɗin gishirin nan na jan ƙarfe, kofa salfet, ya tsoma sandunan gawayi, zai ga katod ta yi ja-ja cikin 'yan mintoci, shuɗin ruwan kuma yana kwashewa a hankali. A anod ma akwai takara. Ayon ɗin salfet da naitiret da kabonet ba sa sakin elektiron cikin sauƙi, don haka oksijin ce ke fita daga ruwa. Kulorayid kuwa ya danganta da yawansa: in gishirin ya yi kauri kulorin ce ke rinjaye, in ya yi tsararo oksijin ta fi yawa.

Saboda haka gishiri ɗaya yake ba da kaya iri biyu. Narkakke a wuta, sodiyam da kulorin. Jiƙaƙƙe a ruwa, haidurojin da kulorin, sannan a bar soda a cikin ruwan. Wannan na biyun yana daga cikin manyan ayyukan masana'antun sinadarai a duniya. Sodar da mata ke saya a kasuwar Garwa don dafa sabulu da man gyaɗa ko manja daga irin wannan aiki ta fito, kuma da soda ake cire tsami da launi daga ɗanyen man auduga irin wanda ake tacewa a Garwa da Marwa. A masana'anta ana sa shamaki tsakanin sandunan biyu don kada kulorin ta haɗu da sodar. In aka bar su suka gauraya, abin da ke fitowa shi ne sodiyam haifokulorait, wato ruwan jabel. Warin da aka ji a tambulan ɗin gwaji nasa ne.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga arewacin Kamaru, yankin da ya ga annobar kwalara a 2010 da 2011. Gidauniyar Antenna da ke birnin Janeba ta ƙera wata ƙaramar na'ura mai suna WATA, wadda ake tsomawa a ruwan gishiri, giram 25 a kowace lita, ta mayar da shi ruwan kulorin mai ƙarfin giram 6 a lita. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana iya tsabtace kimanin lita 4,000 na ruwan sha. Aibinsa shi ne ba ya ajiyuwa, ƙarfinsa yana raguwa da sauri musamman a zafi, don haka gara a yi amfani da shi a ranar da aka haɗa.

Mai cajin batir a tasha ma elektirolisis yake yi, ko bai san sunan ba. Batirin mota, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro irinsa a 1859, faranta ne na dalma a cikin ruwan asid, ɗaki shida, kowane ɗaki kimanin bolt 2. Yayin da batir ke ba da wuta, farantan suna rufewa da gishirin dalma salfet. Caji shi ne tura lantarki ta baya don a warware wannan gishiri, farantan su koma yadda suke, asid ya dawo cikin ruwa. In batir ya cika aka bar shi a kan caji, wutar ba ta da sauran gishirin da za ta warware, sai ta koma kan ruwan. Tafasar da ake ji a cikin batir ke nan, haidurojin da oksijin ne ke fita, kuma haɗuwarsu da ƙyastu ko guntun taba tana iya fasa batirin. Tunda ruwa ne ya tafi ba asid ba, tataccen ruwa ake ƙarawa. Ƙara asid kuskure ne, ƙara ruwan rijiya kuma zuba baƙin ayon ne da za su ci farantan.

Babban aikin elektirolisis a Kamaru yana Edeya, a bakin kogin Sanaga, inda kamfanin Alucam ya fara fitar da alminiyam a 1957. Alminiyam yana cikin ƙarafan da ruwa ke kayarwa, don haka ba a samun sa daga jiƙo, sai daga narki. Matsalar ita ce alumina, farin garin da ake ciro shi daga ciki, ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. A 1886 samari biyu, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowanne a nasa gefen, suka gano cewa alumina tana narkewa a cikin narkakken gishirin kirayolait a wajen digiri 950. Kirayolait ya yi mata abin da ruwa ke yi wa gishiri. A cikin manyan tukwanen masana'antar, alminiyam yana taruwa a ƙasa a zuƙe shi, oksijin kuma tana cin sandunan gawayi na anod, fiye da kilo 400 a kowane tan na ƙarfe, shi ya sa ake ta canza su. Kimanin tan 4 zuwa 5 na ƙasar boksait ke ba da tan 2 na alumina, su kuma su ba da tan 1 na alminiyam. Da soda ake tace boksait ta zama alumina, wato aikin raba gishiri yana ciyar da aikin raba alumina. Kamaru tana da ɗimbin boksait a Minim-Martap da Ngaundal a yankin Adamawa, amma alumina da Edeya ta yi shekaru tana narkawa daga waje ake shigo da ita, musamman daga Gini.

Dalilin da ya sa irin wannan masana'anta ke maƙale da madatsar ruwa yana cikin dokar Faraday: yawan abin da ke fitowa a sanda daidai yake da yawan cajin da ya wuce. Amfiya ɗaya na tsawon awa ɗaya yana kwantar da kimanin giram 4 na azurfa, ko giram 1.2 na jan ƙarfe, amma sulusin giram kawai na alminiyam, saboda kowane ayon ɗinsa elektiron uku yake nema, ga shi kuma ba nauyi. Kilo ɗaya na alminiyam yana cin kimanin kilowat-awa 14. Masana'antar da ke fitar da tan 100,000 a shekara tana buƙatar wajen megawat 160 dare da rana, fiye da ninki biyu na megawat 72 da aka gina madatsar Lagdo ta bayar lokacin da aka kammala ta a 1982. Maƙerin da ke narka tsofaffin gwangwanaye da tarkacen inji ya zuba tukunya ba ya biyan wannan kuɗi. Digiri 660 kawai yake buƙata, domin an riga an raba ƙarfen da oksijin tun a masana'anta, kuma sake narkawa ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin ɗari na makamashin farko.

Zinariyar ƙasar Bibemi, wadda masu haƙar hannu ke wankewa, kamfanin Oriole Resources na Ingila kuma ya yi haƙar gwaji a kanta a 'yan shekarun nan, tana can ɗaya ƙarshen jerin ƙarafa. Sanyin halinta ya sa ake samun ta a matsayin ƙarfe tsantsa a cikin dutse da yashi, ba ta haɗu da kowa ba balle a raba su. Lantarki yana shigowa ne a manyan ma'adinai, inda ake narkar da ita a ruwan sayanayid, mai tsananin guba, ta zama ayon, sannan a kwantar da ita a kan katod na zaren ƙarfe. Tacewar ƙarshe, wadda Emil Wohlwill ya ƙirƙiro a Hambag a 1874, tana kai ta kashi 99.99 cikin ɗari. A nan anod ɗin ita ce zinariyar da ba ta da tsabta, tana narkewa a hankali, tsantsar kuma tana taruwa a katod. Haka ake tace jan ƙarfen wayoyin lantarki. Haka kuma ake shafa ruwan gwal a kan 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha, da ƙyallin kurom a kan salansar babur: abin da za a shafa shi ne katod, ruwan kuma gishirin ƙarfen da ake so. Shafin siriri ne ƙwarai, shi ya sa gumi da gugar yau da kullum ke cinye shi.

Duk waɗannan ayyuka wuta mai bin hanya ɗaya suke buƙata, domin kowane ayon ya san sandar da zai nufa. Wutar da ke fitowa daga Lagdo zuwa gidajen Garwa mai kai da komo ce, sau 50 a daƙiƙa, anod da katod suna musayar matsayi kafin wani abu ya taru. Shi ya sa cajar batir take da na'urar da ke miƙar da wutar, Edeya kuma take da manya-manyan irinta. Farantin sola kuwa miƙaƙƙiyar wuta yake bayarwa tun daga tushe, don haka ƙaramin asibitin ƙauyen da layin lantarki bai kai ba zai iya haɗa nasa ruwan kulorin da faranti ɗaya, da batir, da gishirin kasuwa.